Malam Tayyib Mai Tiya da Injin Safana

Malam Tayyib Karare ya rasu a farkon daminar bana, a gidansa da ke Batsari, bayan jinyar ciwon ƙoda. Ni sunana Surajo, tela ne, kuma abokinsa tun muna firamare. Ni a nan karatuna ya tsaya, aka kai ni koyon ɗinki. Shi ya wuce har jami'a a Zariya, ya dawo yana koyar da darasin kasuwanci a sakandare. Amma karatun bai sa ya sake wurin zama ba. Da an tashi makaranta shagona yake nufa, ya zauna a bencin jikin taga, ya tuɓe takalma, ya ce, "Suraje, har yanzu kana ɓata wa mutane yadi?" Ni kuma in ce, "Kai fa, har yanzu kana ɓata musu 'ya'ya?" Haka muka tsufa tare. Yanzu in la'asar ta yi sai in ji ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki da kanta, ina jiran sallamarsa.

Yana saurayi ya taɓa neman shiga wata babbar makarantar kasuwanci a Legas, irin waɗanda ake yin digiri na biyu, inda mutum ɗari ke nema a ɗauki 'yan ƙalilan. Ya ci jarrabawarsu, ya kai har intabiyu. Suka tambaye shi wane abu ya taɓa jagoranta a rayuwarsa. Tayyib ya sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana a gaban manya, ya ce shi ba kowa ba ne, bai yi wani abin kirki ba tukuna.

"To me suka ce?" na tambaye shi da ya dawo.

"Sun yarda da ni," in ji shi.

Bai sake nema ba, amma bai saki zancen ba. Ya riƙa bin yadda makarantun nan ke zaɓen mutane, na gida da na waje. Da waya ta zo hannu, ya zama kullum yana karanta shafukansu. Duk ɗalibinsa da ya je intabiyu, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, sai Malam ya zaunar da shi ya ji abin da aka tambaya da abin da ya amsa. A hankali yaran da suka gama jami'a daga Batsari, Safana, har Dutsin-Ma suka soma zuwa shagona nemansa, don ya duba musu ko akwai alamar za a ɗauke su kafin su sa rai.

Yana da yadda yake aikinsa. Zai tambayi matakin digirinka, da shekarun da ka yi kana aiki, da makin da ka samu a jarrabawar lissafi da Turanci da makarantun ke sawa a yi a kwamfuta, da wanda zai ba da shaida a kanka in ba danginka ba. In ya gama sai ya ce, "To kai ni wurin aikinka in gani." Ba ya yanke hukunci sai ya je. Kuma da tiyar awon hatsi yake faɗin sakamako. Wani ya ce masa kwatan tiya, wani rabi. Ban taɓa jin ya ce wa kowa tiyarsa ta cika ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Mai Tiya.

Ba kullum yake dacewa ba. Akwai wani Sharfaddeen da ya ce wa ko gindin tiya bai rufe ba, ya haƙura. Yaron ya ƙi ji, ya nema, aka ɗauke shi. Ya zo har shago yana cewa, "Malam, tiyarka ta huje." Malam ya yi dariya har da hawaye, ya sa na ɗinka wa yaron kaftani na tafiya, shi ya raka shi tasha.

Wadda ya fi alfahari da ita kuwa Mahfuza ce, ɗiyar Alhaji Barau ta fari. Mutanen ƙauyen Yasore ne. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, aka kore wa Alhaji Barau shanunsa kaf, gonarsa ta gagari zuwa, ya kwashe iyali ya koma Safana wurin dangin matarsa. Mutumin da a da ake cin tuwo a zaurensa ya zama ɗan haya. Bayan 'yan shekaru sai muka soma jin labarin injin matsar man gyaɗa a Safana, ana ce masa injin Alhaji Barau. Kowa ya yi murna, aka ce Allah ya sake ɗaga dattijo.

Mahfuza ta zo shagona wata ranar kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta tambayi gida da iyali da jiki da sanyin damina, sannan ta ce tana son makarantar nan ta Legas, wadda Malam ya taɓa nema. Akwai gurbi na tallafin karatu da wata gidauniya ke bayarwa, kuma shekarunta sun kai bakin iyaka. In ba a ɗauke ta a wannan shekarar ba, ƙofar ta rufe.

Malam ya duba takardunta. Digirin matsakaici ne. Makin jarrabawar kwamfuta bai yi laifi ba, bai kuma burge ba.

"Aikin me kike yi tun da kika gama bautar ƙasa?"

"Sakatariya ce a injin Baba."

"Me sakatariya ke yi?"

"Abin da Baba ya ce a yi."

Malam ya ajiye takardun a kan gwiwarsa. "Ɗiyata, bari in gaya miki yadda za su gan ki. Za su ga yarinyar da ubanta ke da kamfani, aka ajiye mata kujera da fanka. Irinki suna da su da yawa, kuma iyayen waɗancan sun fi naki manyan kamfanoni. Kwatan tiya. Shi ma don kin iya gaisuwa ne."

Ba ta yi musu ba. Ta ce ta gode, ta soma tattara takardu.

"A'a, ban gama ba. Sai na je na ga fankar."

Ya ja ni muka tafi Safana a kan babur ɗinsa, wai in riƙe masa hula. Babu fanka, babu kujera. Fili ne da rumfunan kwano, injina biyu suna ruri, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika unguwa. Mata sun haura arba'in, mafi yawansu waɗanda aka raba da ƙauyukansu. Wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na suya, wasu na murza tunkuza suna jefa ƙuli-ƙuli a mai. Alhaji Barau na zaune a kan darduma a bakin ƙofa da rediyonsa, duk wanda zai shiga sai ya rusuna ya gaishe shi.

Muka zauna a gefe muna kallo. Makaniki ya zo da bel ɗin da ya tsinke, Mahfuza ya nema. Direban da zai kai jarkoki Katsina ya zo yana ƙorafin hanya, ita ta sallame shi. Mata biyu suka yi cacar baki a kan kasko, ita ta raba. Wani dillali ya kawo gyaɗa, ta ɗebi 'yar kaɗan ta murza a tafin hannu, ta ciza, ta ce ba ta gama bushewa ba, ya mayar. Amma abin da ya tsaya wa Malam shi ne wannan: duk shawarar da ta yanke, sai ta je bakin ƙofa ta durƙusa ta ce, "Baba, an mayar da gyaɗar nan kamar yadda ka ce." Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Alhali muna zaune, ba mu ji ya ba da wani umarni ba.

Malam ya matsa kusa da wata tsohuwa mai suya, Inna Zuwairatu, ya tambaye ta wa ya fara wannan aiki.

"Alhaji mana," in ji ta. Sai ta waiga, ta rage murya. "Kai ma dai Malam. Da ɗan abin da ta tara a bautar ƙasa ta sayo injin farko, tsoho, ta bi mu gida-gida tana lallashi. Amma ka ji daga bakina? Ba ka ji ba."

Muka kamo hanya har muka kusa Batsari. Sai Malam ya ce, "Suraje, na yi shekaru ina neman irin wannan yarinya, ga ta ta zo tana ce mini sakatariya."

Da ta dawo shago ya gaya mata kai tsaye. Ya ce abin da makarantar ke nema ke nan: wanda ya tayar da abu daga ƙasa, mutane suka bi shi. In ta rubuta gaskiya, ta kuma faɗe ta a intabiyu, maganar digiri za ta koma baya.

Mahfuza ta ce, "Malam, ba zan iya ba."

"Kunya ce? Kunyar nan ita ta dawo da ni wannan bencin."

"Ba tawa ba ce. Gidauniyar tana buga labarin duk wanda ta ɗauka, da hotonsa. Yaran Safana duk suna da waya. Kafin in isa Legas an karanta a majalisa cewa ba Baba ne ya yi ba. Shanu sun tafi, gona ta tafi. Sunan nan da ake kira, injin Alhaji Barau, shi kaɗai ya rage masa. In cire masa shi don in yi karatu?"

Malam ya miƙa mata takardunta. Ya ce ta je, zai yi tunani.

Tunanin da ya yi shi ne mu je mu sami dattijon. Na ce masa wannan shiga gidan mutane ne. Ya ce ya sani, shi ya sa zai tafi da ni, in an kore mu a kore mu mu biyu. Muka je. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Aka yi zancen ruwa, da tsadar taki, da wanda ya koma Yasore da wanda bai koma ba. Malam ya kewaya ya kewaya, har na soma jin kunya a madadinsa. Daga ƙarshe ya faɗa. Ya ce yarinya na da hanyar shiga makarantar da ba kowa ke shiga ba, amma sai ta faɗi wanda ya kafa injin nan, kuma ta ƙi.

Alhaji Barau ya kashe rediyo. Sai ya ce, "Malam, hadari na haɗowa. Gara ku kama hanya."

Sama kuwa tas take. Muka tashi. A kan babur Malam ya ce, "Na zubar da kwatan ma."

Kwanakin nan ya rame. Lokacin ne ma ƙafafunsa suka soma kumbura, muna cewa zaman benci ne. Mahfuza ta ci gaba da zuwa ranar kasuwa, suna gyara bayanin da za ta aika a kan aikin sakatariya, shi da ita duk sun san ba zai kai ko'ina ba.

Ana haka, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga Alhaji Barau a ƙofar shagona, da babbar riga da sanda. Mahfuza ta zame daga kujera ta durƙusa a bayan kekena. Ku da kuka san mutanenmu kun san uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya ma cika dubansa a gaban mutane. Dattijon bai dubi inda take ba. Ya zauna kusa da Malam, suka gaisa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Sannan ya kafa ido a kan wata rigar yara da ke rataye a bango, ya soma magana.

"Malam, akwai saƙon da nike so ka kai ma yarinyar nan."

"Ina ji, Alhaji."

"Ka ce mata ni ban tsufa da wauta ba. Na san abin da na ce da abin da ban ce ba. Tun ran da aka sauke injin nan na san ba nawa ba ne. Na zauna bakin ƙofa ne don direbobi da dillalai su san akwai namiji a wurin, kada su raina ta. Ni a zatona ni ke rufa mata asiri. Sai da ka zo na gane ashe ita ma rufa mani take."

Ni dai na riƙe almakashi.

"Kuma ka ce mata, inji na biyu da take cewa ni na ce a saya, ni cewa na yi kada a saya."

Malam ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Daga bayan keke muka ji wani sauti, ba ka ce dariya ba ne ba ka ce kuka ba.

"Ta je ta faɗa masu gaskiya," in ji Alhaji Barau. "Shanu kiwonsu na yi, an kore. Wannan kuwa ni na haifa. A rubuta hakanan in ana so."

Ya miƙe, ya ce mini yana son a ɗinka masa jamfa kafin salla amma kada in matse wuya kamar yadda aka ce ina yi, ya fita.

Malam ya share ido da hularsa, ya ce, "Fito, sakatariya. Aiki ya same mu."

Daga ranar shagona ya zama ɗakin intabiyu. Ya kan sa ni in zauna kusa da shi in ɗaure fuska, wai ni ne baƙon farfesa. Ba na jin rabin Turancin, aikina kawai in ta sunkuyar da kai in buga almakashi a tebur. Na buga har tebur ya yi tabo. Ya sa ta ba da labarin yadda ta shawo kan matan, da lokacin da mai ya yi kwantai ta koma sayar da ƙuli-ƙuli a makarantun kwana, da kuskuren da ta yi na sayen gyaɗa da yawa a shekarar da farashi ya faɗi. Ta so ta ɓoye wannan na ƙarshe. Ya ce a'a, shi za su fi so, don wanda bai taɓa yanke shawara ba ba ya da kuskuren kansa. Shaida kuwa ya ce kada ta nemi wani mai muƙami da bai san ta ba. Ta nemi ɗan kasuwar Katsina da ya daɗe yana sayen man gyaɗarta, wanda ta taɓa mayar wa da mota cike da jarkoki marasa tsabta.

Ana gobe za ta tafi Katsina, inda za a yi intabiyun ta kwamfuta saboda sabis ɗinmu ba abin dogaro ba ne, ta tambaye shi, "Malam, yanzu fa?"

"Rabi da ɗan ɗori."

"Duk wannan wahala?"

"Digirinki bai canza ba, kuma akwai masu makin da ya fi naki. Ban san su wa za ki tarar ba. In na ce miki ta cika na yi miki ƙarya. Amma rabi da ɗori, da shi ake shiga irin wurin nan."

Aka ɗauke ta, da tallafin gaba ɗaya.

Labarin ya iso ne da azahar. Ta bugo waya tana magana ba a gane abin da take faɗa, sai guɗar su Inna Zuwairatu muke ji ta bayanta. Malam ya tashi tsaye ba takalmi, ya fita tsakiyar titi yana gaya wa duk wanda ya wuce, har da mai rake da bai san zancen ba. Da yamma matan injin suka cika mota suka zo Batsari da jarkar mai da buhun ƙuli-ƙuli, suka tsaya a ƙofar shagona suna guɗa har masu babura suka taru suna tambaya auren wa ake. Malam ya ce, "Ba aure ba ne, Legas muka ci." Shekara da shekaru ina tare da shi, ban taɓa ganin farin ciki ya mayar da shi yaro kamar ran nan ba.

Lokacin da gidauniyar ta buga labarin, Malam ya riga ya kwanta. Ana kai shi Katsina wankin ƙoda ana dawowa da shi, jikin ya ƙi. Abin da ya dame shi a kwance shi ne yadda Safana za ta karɓi zancen, don ya san shi ya jawo. Ya aike ni in jiyo.

Na tarar an riga an yi. Bayan sallar la'asar, a majalisar ƙofar masallacin unguwarsu, wani malamin firamare ya buɗe wayarsa yana karantawa yana fassarawa. Ga hotonta a gaban injin, ga bayanin cewa ita ta kafa shi, ita ke tafiyar da shi. Alhaji Barau na zaune a wurin. Kowa na satar kallonsa. Da aka kai ƙarshe, dattijon ya gyara zama ya ce, "Liman bai fito ba lokacin da ka fara. Sake karantawa daga farko."

Na dawo na gaya wa Tayyib. Yana kwance, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya sa na maimaita masa abin da dattijon ya ce. Ya yi murmushi, ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, "Suraje, wannan karon ban ɓata ba."

Na ce, "Ba ka ɓata ba, Tayyib."

Bai ƙara mako biyu ba. Ranar jana'izarsa titin gidansu bai ɗauki mutane ba. Ɗalibansa sun zo daga wurare masu nisa, waɗanda ya ce su nema da waɗanda ya ce su haƙura. Mahfuza tana tsakiyar jarrabawa, ta kira ta ce za ta taho. Matarsa ta karɓi wayar ta ce mata in ta bar jarrabawar nan Malam ba zai ji daɗi ba, ta zauna ta rubuta. Ta zauna ta rubuta, ta kuma ci.

Allah ya jiƙan abokina, ya yalwata masa makwancinsa, ya karɓi abin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Ya raya abin da ya bari, mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa.